Waken da Aka Hana Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Kaka ta yi tana aiki a asibiti, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi wa mutum allura ba. Ita ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Aikinta canza zanen gado, goge ƙasa, tura keken abinci, sai kuma wani aiki da babu wanda ya rubuta mata shi a takarda, ita ta ɗora wa kanta: ba marasa lafiya ruwa. Tun daga bakin ƙofa take gane mai jin ƙishirwa, daga yadda yake lasar leɓe. Kafin ya buɗe baki ta iso da kofi, ta tallafo masa ƙeya. Yanzu ta ajiye aiki, gwiwa ta soma yi mata gardama, tana zaune wurin ɗanta a hawa na biyu na wani dogon gida. To amma hali zanen dutse. Kyanwar maƙwabta ta san inda kwanon ruwanta yake a bakin ƙofa. Mai kawo tukunyar gas ba ya sauka sai ya sha kofi biyu, ko yana so ko ba ya so. Har tantabarun da ke ɓata mata shanya tana ajiye musu murfin roba a baranda, tana zaginsu tana cika musu shi.

Jikarta shekararta bakwai, tana aji biyu a firamare, kuma duk gidan babu mai kiranta da ainihin sunanta. Don-Me ake ce mata, Kaka ce kuwa ta laƙaba mata. Don me wata yake bin mota? Don me sabulu ja yake yin farin kumfa? Don me ƙusa take nutsewa, jirgin ruwa kuma da duk girmansa ba ya nutsewa? Uban yarinyar direban bas ne, tun asuba yake fita. Uwarta, wadda take kira Umma, tela ce, shagonta yana ƙarshen layi. Saboda haka duk wata tambaya da aka ɗebo daga makaranta a kan Kaka ake juye ta, tun kafin a cire takalmi.

"Wayyo kaina," Kaka takan ce. "Ke ba kya gajiya? Jeki ki tambayi ubanki."

A baki kawai take faɗa. A ranta kuwa, duk yinin ranar babu abin da take jira irin ta ji ƙarar ƙananan takalman nan a matattakala, da muryar da ke fara tambaya tun daga hawa na ɗaya.

Bana abin ya ƙaru, don an kawo musu sabuwar malama wadda ta ba yarinyar makami na biyu. Da ma "don me" ce kawai, yanzu an samu "ta yaya kika sani". Kaka ta ce yau za a yi ruwa, a kwashe shanya. Ta yaya kika sani? Gwiwata ce ta faɗa min. Shi ke nan, ashe an buɗe wa gwiwar shafi a bayan littafi. Bayan sati biyu aka zo mata da sakamako.

"Kaka, gwiwarki ta ci uku cikin biyar."

"To ai ta ci jarrabawa. Ubanki ma da haka ya gama makaranta."

Wata ranar Juma'a Don-Me ta dawo da gwangwanin madara guda biyu, kowanne an huda gindinsa da ƙusa, an cika shi da busasshiyar ƙasa. Ta jera su a baranda, daga ciki inda ruwan sama ba ya kaiwa, ta tura ƙwayar wake uku-uku da ɗan yatsa. Ɗaya ta ɗaura masa jan zare, ɗaya baƙi, daga guntayen zaren Umma.

"Kaka, zo ki ji. Mai jan zaren nan, kullum cokali uku na ruwa, ni zan ba shi. Mai baƙin zare kuwa, ko ɗigo."

Kaka ta leƙa gwangwanin, ta dubi yarinyar. "Me ya yi miki?"

"Wa?"

"Waken. Laifin me ya yi da za a hana shi ruwa?"

"Ba laifi ya yi ba. Gwaji ne. So muke mu gani ko wake zai tsiro in ba ruwa. Kwana goma, kullum mu zana abin da muka gani."

"Ba zai tsiro ba. Ga shi na faɗa miki, kin huta. Kawo in zuba masa."

"Ta yaya kika sani?"

"Kowa ya sani mana."

"Malama ta ce 'kowa ya sani' ba amsa ba ce. Ta ce gani ya kori ji."

"Malamar nan taku aiki ne ya yi mata kaɗan."

"Kaka, don Allah kar ki ba shi."

"Na ji."

A yi mata adalci, ta daure kwana biyu. In ta fito shanya sai ta juya wa gwangwanin baya. A rana ta uku da hantsi, gida babu kowa, rana ta buɗe sosai, ta zo cika wa tantabaru murfinsu sai idonta ya faɗa kan mai baƙin zare. Ƙasar ta yi fari fat, har ta ja da baya daga jikin gwangwanin. Kusa da shi ga ɗan'uwansa yana zaune cikin danshi. Kaka ta ji abin nan da take ji a ɗakin marasa lafiya ya taso mata daga ƙirji. Ga kofi a hannunta, ga mai ƙishirwa a gabanta.

"Ɗan kaɗan," ta ce da gwangwanin. "Jiƙa leɓe ne kawai, ba sha ba."

Ta zuba ta gefe, a hankali, ruwan ya bi jikin gwangwanin ya sauka ƙasa, irin zubin wanda ya shekara talatin yana ba kwantattu ruwa ba tare da ya jiƙa musu riga ba. Kafin ƙarfe ɗaya rana ta busar da saman ƙasar tas. Don-Me ta dawo, ta tsuguna, ta duba, ta zana gwangwani biyu da ba komai a cikinsu. Washegari Kaka ta sake. Bayan nan ma kullum haka. Abin da aka fara da jiƙa leɓe ya koma rabin kofi.

Ranar kwana na shida ihu ne ya fito da Kaka daga kicin, da ludayi a hannunta.

"Kaka! Kaka, ya fito! Duk biyun sun fito! Kin ce ba zai tsiro ba!"

Sun fito kuwa. Mai baƙin zare ma ya fi ƙiba, don shi ba da cokali ake auna masa ba. Yarinyar sai tsalle take, ta tsuguna ta tashi, ta ɗauko fensir tana zana tsiron da harshenta a waje. Nan ne wurin da ya kamata Kaka ta buɗe baki, kuma ta san nan ne. Amma ta dubi fuskar nan mai walƙiya don murna, sai ta ce a ranta, yarinya tana farin ciki, wake ya rayu, wa aka cuta?

"Ikon Allah," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Ranar kwana na goma Don-Me ta jera gwangwanayen a cikin kwalin takalmi, ta rungume shi a ƙirji, ta hana kowa ya taya ta. Kaka ta tsaya a baranda tana kallonta har ta sha kwana, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da rana takalman suka hawo matattakala babu magana. Yarinyar ta ajiye kwalin a bayan ƙofa, ta zauna a bakin gado da jakarta a baya. Sai da Kaka ta yi ta lallashi kafin labarin ya fito, guntu-guntu. Yara talatin da huɗu a ajin, kowa gwangwaninsa na biyu ƙasa ce zalla. Ita kaɗai ta tashi ta ce wake yana tsirowa ba ruwa, ta ɗaga nata sama. Ajin ya fashe da dariya. Wata a layin baya ta ce maƙaryaciya, ta zuba ruwa ne a ɓoye. Da aka fita hutun tara ma sai da suka bi ta da shi.

"Malama fa?"

"Ta hana su. Ta ce na faɗi abin da na gani ne. Ta ce in je in yi tunani, ko akwai hanyar da ruwa ya shiga." Ta ɗago kai, idanunta sun yi ja. "Na yi tunanin a hanya. Ba a yi ruwan sama ba. Umma da Baba ba sa nan da rana. Kaka, ko kin zuba masa? Ko da mantuwa?"

Tsohuwar da ta tsaya gaban manyan likitoci ta faɗa musu gaskiya ba ta ƙifta ido ba, yau ta ji tsoron yarinya 'yar shekara bakwai. Ta ga dariyar yara talatin da uku a cikin jajayen idanun nan, ta ga kuma ita ce ta jawo. Kafin ta yi shawara da zuciyarta, bakinta ya riga ta.

"Ni? Me ya haɗa ni da gwangwaninki?"

Don-Me ta gyaɗa kai. Ba ta sake tambaya ba, ba ta ce ta yaya zan sani ba. Kaka ta faɗa, magana ta ƙare.

Da yamma Kaka tana ninke kayan wanki ta hango ta a kan tabarma, ta duƙa a kan littafinta da abin goge fensir, tana gurzawa da ƙarfi. Ta matso. Shafin kwana na shida ne. Tsiron da aka zana da harshe a waje, shi ake gogewa. Na bakwai an riga an goge, na takwas ma, takardar har ta yi laushi ta soma saɓulewa.

"Ke, me kike yi haka?"

"Gyarawa nake. Na kowa bai fito ba. Nawa ne ba daidai ba."

"Amma ai kin gani da idonki."

"Wataƙila ban iya gani ba ne."

Ta hure garin gogen daga kan shafin, ta rufe littafin. Kaka ta koma ta zauna da rigar ɗanta a cinya, ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

Kwana huɗu gidan ya yi shiru. Yarinyar tana cin abinci, tana gaisuwa, tana yin aikin gida, amma ko tambaya ɗaya. Kaka ta ce gwiwarta ta ce za a yi ruwa, aka ce mata "to". Ta ce da gangan wai kaza ta fi doki gudu, aka ce mata "to". Umma ta taɓa goshin yarinyar ko zazzaɓi ne. Uban ya ce a bar shi ya sha shayinsa lafiya, yau shekara huɗu rabonsa da ya gama kofi ɗaya ba a tambaye shi inda tururi yake zuwa ba. Amma shi ma sai satar kallonta yake. Kaka kuwa abinci ya daina wuce mata. Ta sha cewa Allah ya kawo ranar da kunnenta zai huta, ga ranar ta zo, kuma ba ta taɓa jin abu mai ɗaci irinta ba. Sau uku tana shirya maganar a bakinta, sau uku kunya tana mayar da ita.

Ranar Juma'a ta ɗauki sandarta ta sauka matattakala, ta ce yau ita za ta ɗauko yarinyar. Ta isa ana cikin wasan tashi, yara duk suna fili. Ajin yana ƙarshen baranda, ƙofarsa a buɗe. Ƙananan kujeru, allo da ba a gama gogewa ba, gwangwanaye jere a kan taga kowanne da zarensa. A kusurwa akwai baho da ruwa, da tarkace a gefensa: ƙusa, murfin kwalba, dutse, guntun katako. Ashe daga nan aka samo maganar jirgin ruwa. Malamar tana zaune tana duba littattafai, yarinya ce ƙarama, ba ta kai ɗan Kaka ba, hannun rigarta duk alli. Ta tashi da sauri ta gaishe ta, ta jawo mata kujerarta.

Kaka ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi komai, har rabin kofin, har "me ya haɗa ni da gwangwaninki". Ta zata za a yi mata faɗa ko dariya. Malamar ta rufe bakinta da hannu, kafaɗunta suka ɗan motsa, sannan ta daure.

"Mama, na zargi haka. Waken ya fi na kowa ƙiba." Ta jawo wani littafi daga cikin tarin, ta buɗe shafukan da aka goge. "Waken bai dame ni ba. Wannan ne ya hana ni sukuni. Duk ajin ita kaɗai ta ga abin da ba a zata ba, ta kuma tashi ta faɗa. Yanzu ta koyi cewa in abin da ta gani ya saɓa da na jama'a, sai ta goge."

"Shi ya sa na zo. Ki kira ta ki faɗa mata. Ki ce tsohuwar ce ta ruɗe."

"In na faɗa mata, Mama, amsa ta sake zuwar mata daga bakin babba. Ta yarda da ni kamar yadda ta yarda da ke, shi ke nan. Ni so nake ta san kanta yana aiki." Ta juya shafin baya. "Dubi nan. Na ce ta rubuta duk hanyar da ruwa zai iya shiga."

Kaka ta matso da littafin kusa da idonta. Rubutun yara, manya-manyan baƙaƙe suna hawa suna sauka. Ruwan sama. Shanyar mutanen sama. Kyanwa. Baba. Umma. Kowanne an ja masa layi an soke. A ƙasa an rubuta Kaka, an soke shi da layi biyu, a gefensa kuma an sa dalili: Kaka ba ta ƙarya.

Ta daɗe tana kallon kalmomin nan huɗu. Malamar ta yi kamar tana neman wani abu a aljihun tebur.

"Zan ce ta sake gwajin," in ji Malama can. "Wannan karon ta nemo dabarar da za ta gane ko wani abu yana zuwa kusa da gwangwanin. Dabarar tata ce, ba zan sa mata baki ba. Sauran kuma, Mama, ke kika san abin da za ki yi. Ni ba zan koya miki ba."

"Wato so kike yarinya ta kama ni kamar ɓarauniya."

"Ni ban ce ba."

"Ba ki ce ba. Ku 'yan makaranta haka kuke, sai ku haƙa rami ku ce ba ku ce a faɗa ba." Ta dafa sandarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta nuna gwangwanayen taga da haɓa. "Waɗancan masu jan zaren, na uku daga ƙarshe yana son ruwa."

Ranar Lahadi Don-Me ta sake cika gwangwani da busasshiyar ƙasa, ba murna, kamar mai shan magani. Amma da ta zo kan dabara sai hannunta ya soma sauri. Ta roƙi Umma guntun allin da take zana yadi da shi, ta kankare shi da cokali har ya zama gari. Ta ɗora gwangwanin a tsakiyar baƙin tire, ta barbaɗa garin kewaye da shi, siriri, ko'ina daidai. Ta ja da baya ta duba.

"In kyanwa ce, zan ga ƙafarta. In ɗigo ne daga sama, zan ga rami-rami. In tsuntsu ne ma zan gani." Ta kakkaɓe garin daga yatsunta. "In ban ga komai ba, to ni ce."

Litinin da hantsi gida ya watse. Kaka ta fito baranda ta tsaya a kan tiren. Tarkon yara ne, ko makaho ya san yadda zai kauce masa. Abin da kawai za ta yi shi ne ta bar shi. Kwana goma ba ruwa, wake ba zai fito ba, zanen yarinya zai yi daidai da na kowa, a manta da maganar, Kaka kuma ta ci gaba da zama wadda ba ta ƙarya. Babu wanda zai sani sai Malama, ita kuwa ba za ta faɗa ba. Sai dai yarinyar za ta dubi farin garin da ba a taɓa ba, ta ce to ni ce.

Tantabaru suna ta kai-komo a kan igiyar shanya. Kaka ta ɗauko kofinta ta cika shi. Ta durƙusa, gwiwar tana ƙara, ta buɗe tafin hannunta na hagu ta dafa shi a kan garin allin, ta danna sosai. Sannan ta zuba ruwan ta gefe, yadda ta saba. Da ta ɗaga hannun sai ga hotonsa nan kwance a kan baƙin tire, yatsu biyar, har da ɗan yatsan da ya karkace tun ranar da ƙofar ɗakin tiyata ta datse shi. Ba ta wanke hannun ba. Ta shiga ta zauna a kujerarta tana jira, kamar wadda aka kira ofishin shugaba.

Takalman suka hawo. Aka yi sallama, aka wuce baranda kai tsaye. Kaka tana hango yarinyar ta ƙofa: ta tsuguna, ta daɗe ba ta motsa ba. Ta zaro fensir ta soka shi cikin ƙasar har gindi, ta zaro, ta duba bakinsa, ta shafa da yatsa. Ta ɗora nata hannun a saman hoton ba tare da ta taɓa ba, ta ga ya yi mata girma. Ta bi karkataccen yatsan da ido. Sannan ta taso ta shigo, ta tsaya a gaban kujera.

"Kaka, miƙo hannunki."

Kaka ta miƙa na dama.

"Ɗayan."

Ta miƙa. Allin yana nan fari a cikin layukan tafin. Yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu tana kallo.

"Na farkon ma ke ce?"

"Ni ce. Tun kwana na uku, kullum."

"Amma na tambaye ki. Kika ce ba ke ba ce."

"Ƙarya na yi miki." Maganar ta fito da ƙyar, amma ta fito. "Tsoro na ji, da kunya. Idonki lafiyarsa lau, 'yar nan. Abin da kika gani, kin gan shi. Ba ki yi wa kowa ƙarya ba, ni na yi miki. Ki yafe min."

Kukan da aka riƙe tun ranar kwalin takalmi ya ɓalle. Ba ta faɗa jikin Kaka ba, ba ta kuma saki hannun ba. Tana tsaye tana kuka tana riƙe da shi. Kaka ta bar ta ta yi, nata idon ma ba a bushe yake ba. Da kukan ya lafa yarinyar ta ja hanci, ta goge fuska da hannun riga, ta haɗe gira.

"Don me kika ba shi ruwa?"

Kwana takwas rabon gidan da wannan kalma. Kaka ta ji ta har cikin ƙashinta, daɗi ya kama ta har ta kusa yin dariya a inda bai kamata ba.

"Zauna in faɗa miki. A asibiti, in za a yi wa mutum aiki, sai a rataya takarda a kan gadonsa, ba ci ba sha. Ya yi ta roƙona, in hana shi. Auduga kawai nake jiƙawa in shafa masa a leɓe. Ban taɓa karya wannan dokar ba, don na san dalilinta, wata nas ta zaunar da ni ta yi min bayani. Naki kuwa ban tsaya na ji dalilin ba. Na ga abu yana jin ƙishirwa, na ga kuma dokar ta yara ce."

Don-Me ta yi nazarin wannan amsa kamar yadda take nazarin gwiwa. Da alama ta ci, ko da uku cikin biyar ne. Ta koma baranda ta sake leƙa tiren, ta dawo a hankali.

"Kaka, kin ga allin kafin ki taɓa. A gabanki na barbaɗa. Kuma mai zuba ruwa ba ya buƙatar ya dafa tire." Ta ƙanƙance ido. "Yatsu biyar, duka a jere. Da gangan kika yi."

Kaka ta dubi silin.

"Don me?"

"Don ki gani da idonki. In na faɗa miki da baki, ai bakin nan ne ya riga ya yi miki ƙarya."

Yarinyar ta hau hannun kujerar ta zauna, ta jingina da kafaɗar Kaka, tana wasa da karkataccen yatsan.

"Kin ɓata min gwaji sau biyu," ta ce. "Na uku a shagon Umma zan ajiye shi. Kuma gobe za ki bi ni makaranta ki faɗa musu, har da ta layin baya."

"A gaban yara talatin da huɗu? Da tsufana?"

"Za su tambaye ki ta yaya za su sani. Sai mu tafi da tiren."

"Allah ya sa ni a hannunki."

Ta sauka ta jawo jakarta, ta fito da littafin, ta kwanta rubda-ciki a kan tabarma. Ta buɗe shafin kwana na shida. Inuwar tsiron tana nan, goge bai iya cinye ta duka ba. Ta ɗora fensir a kai ta soma bi, a hankali saboda takardar ta yi laushi, harshenta a waje. Ta mayar da na shida, da na bakwai, da na takwas. Sannan ta juya baya, inda aka rubuta Kaka ba ta ƙarya. Kaka ta kau da kai, tana jiran ta ji ƙarar goge. Ba ta ji ba. Da ta waiwayo, yarinyar ta bar layin yadda yake, ta ƙara kalma uku a ƙarshensa, ta ɗaga littafin don Kaka ta karanta: sai sau ɗaya.